Na tsinci kyanwa, katin gwaji ya nuna tana da sankarar jini: in yarda da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Kwanakin baya na tsinci wata kyanwa da ƴaƴanta uku a bayan Kasuwar Dole, duk ta rame, na kawo su gida. Dama ina da maguna biyu manya da suka daɗe a wurina. Ɗan yayata malamin dabbobi ne, ya zo da katin gwaji biyu daga Yamai. Ya gwada uwar, layi biyu ya fito, na biyun dishi-dishi, ya ce alamar sankarar jini ce ta maguna, wadda ake rubutawa FeLV. Ya gwada ɗaya daga cikin ƴaƴan, layi ɗaya ya fito, ya ce lafiyarsa lau. Ƴaƴan za su yi mako shida, sun fara cin abinci amma ba su bar mama ba. Maigida ya ce a fitar da uwar saboda yara, maƙwabta kuma suna cewa in sa a kai ta daji. Shin wannan gwaji abin yarda ne? Kuma zan iya haɗa ƴaƴan da nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kada a fitar da uwar saboda kati ɗaya, kuma kada a saki ƴaƴan cikin magunanki saboda ɗaya katin. Duka sakamakon biyu ba su isa a yanke hukunci da su ba tukuna. Na ɗan kyanwar ma ya fi ba ni tsoro, domin shi ne zai sa a saki jiki.

Ki fara kwantar wa maigida hankali: cutar nan ba ta kama mutum. Tun 1964 da William Jarrett ya gano ƙwayarta a Jami'ar Glasgow ta Sikotland, mutane na zaune da maguna masu ita a gidajensu, ba a samu ta kama babba ko yaro ba. Ba ta kama akuya ko kaji ko kare. Waɗanda ake jiye wa su ne magunanki biyu da ƴaƴan nan uku.

Katin yana aiki ne kamar gwajin gaggawa na zazzaɓin sauro da ake yi wa yara a asibiti: ɗigon jini, ɗigon ruwan magani, a jira layi. Abin da yake nema wani ɓangare ne na jikin ƙwayar cutar kanta, ana kiransa p27, wanda ke yawo cikin jini idan ƙwayar tana hayayyafa. Don haka ko da layi biyun na gaskiya ne, iyakar abin da ya faɗa shi ne a ranar da aka ɗibi jinin akwai ƙwayar a ciki. Bai faɗi ko za ta zauna ba.

Idan ƙwayar ta shiga jikin kyanwa, hanya uku ce ta fi yawa. Wata kyanwar jikinta yakan murƙushe ƙwayar tun a maƙogwaro kafin ta kai jini, kati ba zai taɓa nuna komai ba. Wata kuma ƙwayar takan bazu a jininta na ɗan lokaci, yawanci mako 3 zuwa 6, wani sa'in har mako 16, sannan jiki ya danne ta. Sai ta ɓace daga jini ta laɓe a cikin jiki, kuma muddin tana kwance kyanwar ba ta yaɗa ta. Ta uku ita ce wadda ƙwayar ta kama ɓargonta ta kafu, jininta da miyaunta suna ɗauke da ita har ƙarshen rai. Wannan ce take harbin wasu ta hanyar lasar juna, cin abinci a kwano ɗaya, cizo, nono, ko tun a ciki. A makonnin farko kyanwa ta biyu da ta uku layi biyu iri ɗaya suke bayarwa. Sai an maimaita gwaji bayan lokaci ake bambance su.

Sannan shi kansa katin yana kuskure. A 2017 masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka sun gwada katuna iri huɗu a kan jinin magunan da aka riga aka san matsayinsu. Guda ɗaya, mai suna SNAP, bai yi kuskure ba a wannan binciken. Biyu sun ɗora cutar a kan kusan 5 cikin 100 na magunan da ba su da ita, na huɗun kusan 14 cikin 100. Waɗannan ukun kuma sun tsallake tsakanin 8 da 14 cikin 100 na masu cutar da gaske. Biyar cikin ɗari sai a ga kamar ba komai ba ne, sai an yi lissafi. A ɗauki maguna 100 a wurin da 3 kawai ke da cutar, wanda shi ne kusan abin da aka samu a manyan gwaje-gwajen Amurka da Kanada. Katin zai kama ukun nan, ya kuma ɗora wa kamar 5 daga cikin 97 masu lafiya. Layi biyu ya fito sau 8 ke nan, 3 ne kawai na gaskiya. Shi ya sa likitoci suka dage cewa ba a kashe kyanwa ko a yasar da ita a kan gwaji ɗaya.

Sai dai lissafin yana juyawa idan kyanwar ramammiya ce, mai rashin lafiya, wadda ta yi rayuwar titi, domin a cikin irinsu masu cutar sun fi yawa. Taki tana cikin wannan sahun. Ban ce ki yi watsi da sakamakonta ba. Ki ɗauke ta a matsayin mai cutar wajen keɓewa, ki ɗauke ta a matsayin wadda ba a tabbatar ba wajen hukunci.

Wancan binciken na Florida ma an yi shi ne da katunan da aka adana yadda ya kamata. A Damagaram zafi shi ne babban abokin gaba. SNAP a firigo yake zama, tsakanin digiri 2 da 8, a fito da shi minti 30 kafin aiki ya huce. Wasu katunan suna zama a ɗaki, amma kwalinsu ya ce kada zafi ya wuce 25 ko 30. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ko a inuwa muna haura 40. Katin da ya yi kusan kilomita 900 daga Yamai cikin jaka a motar fasinja, ko ya kwana a firigon da wuta ta ɗauke masa, yana iya ba da layin ƙarya, yana kuma iya ƙin nuna na gaskiya. Ki tambayi ɗan naki yadda ya kawo su, a kula mai ƙanƙara ko a aljihun jaka, ya kuma duba ranar lalacewa da ke jikin ledar.

Jinin ma yana da nasa. Idan aka zuƙo shi da ƙarfi ta ƙaramar allura, ko kyanwa tana fizge-fizge aka daɗe ana fama, jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, jan ya bi takardar katin ya bar inuwar da ido zai ɗauka layi ne. Layi mai dishi-dishi da ya fito cikin lokacinsa ana ƙirga shi, amma shi ya fi kowane buƙatar maimaitawa. Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi: katunan nan da yawa cuta biyu suke gwadawa a tare, FeLV da FIV, kowace da gurbinta. A tabbatar a gurbin wace layin ya fito. FIV cuta ce daban, gwajinta yana neman kariyar da jiki ya yi ne, yakan ɗauki kwana 60 kafin ya nuna, kuma ɗan kyanwa ɗan ƙasa da wata 6 yana iya nuna layi don kawai ya sha nonon uwa mai ita.

A sake gwada uwar yanzu, da katin wani kamfani daban, don idan kuskuren na ƙirar katin ne kada ya maimaita kansa. A ɗibi rabin mililita zuwa mililita ɗaya daga jijiyar ƙafar gaba ko ta cikin cinya, a hankali. A zuba a ƴar kwalbar jini mai murfi shuɗi-ja wadda ke hana daskarewa, a juya ta a injin tace jini, ko a tsayar da ita a wuri mai sanyi har jan ya kwanta. In kwalbar ba ta da magani, a bar jinin ya daskare kamar minti 30. Ruwan da ya taso sama shi za a ɗiga, ya fi jini gaba ɗaya ba da sakamako mai tsabta. Yawan ɗigo na takardar cikin kwalin ne: SNAP ɗigo 3 na jini ne da 4 na ruwan maganinsa, wasu kuma daban, kuma ba a aron ruwan wani kati a sa wa wani. A ajiye katin a shimfiɗe, a duba agogo, a karanta a lokacin da takardar ta ce, yawanci minti 10. Layin da ya ɓullo bayan rabin awa ba a ƙirga shi. In layin da ke shaida katin na aiki, wanda galibi harafin C ke gefensa, bai fito ba, katin ya mutu, ko me ya nuna a jefar. A ɗauki hotonsa da waya a daidai mintin, a rubuta ranar da sunan katin. Miyau ko hawaye ba sa maye gurbin jini.

In na biyun ya nuna layi ɗaya, sakamako ya saɓa ke nan, sai a ci gaba da keɓe ta a sake bayan wata guda. In ya nuna layi biyu, to da alama ƙwayar tana jininta da gaske, saura a san ko za ta zauna. A sake bayan mako 6. In har yanzu tana nan, a ƙara mako 10 a sake. Kyanwar da ta shafe mako 16 tana ba da layi biyu, kusan tabbas ƙwayar ta kafu a ɓargonta.

Yanzu ga ɗan da aka ce lafiyarsa lau. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da kati zai gan ta yakan kai kwana 30. Ɗan da ke shan nonon uwar jiya, ake lasarsa yau, layi ɗayansa bai faɗi komai a kan gobe ba. Waɗanda suka kamu tun a ciki ma wani lokaci sai bayan makonni ko watanni suke nunawa. Kuma sakamakon ɗaya bai wanke ƴan'uwansa biyu ba, domin a haihuwa ɗaya ana samun mai ita da marar ita. Kowane da katinsa, ba a haɗa jininsu a kati guda don tattali, haɗawar tana tsinka jinin mai cutar har kati ya kasa gani. Abu ɗaya mai sauƙi dai shi ne, a gwajin FeLV nonon uwa ba ya ruɗa kati, don haka ba sai an jira sun girma ba.

Tunda sun kai mako shida suna cin abinci, ki yaye su yanzu ki raba su da ita. Ƴan ƙasa da wata huɗu su ne suka fi saurin kamuwa, kuma su ne cutar ta fi kafuwa a jikinsu, kowace rana ta ƙarin shan nono ƙarin haɗari ce. Ki ba su dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen nama da ƙwai a marmashe, kaɗan-kaɗan sau huɗu a yini, ba albasa a ciki. Madarar shanu takan sa su zawo. Ki riƙa duba nonon uwar a makon farko, in ya kumbura ya yi zafi da tauri a kira likita. Ƙirgar kwana 30 daga ranar rabuwa take farawa, ba daga ranar da kika tsince su ba. In ta cika a gwada ukun, a kuma ƙara sau ɗaya bayan wata biyu kafin a sake su cikin manya ko a ba wa wani gida.

Gidanki zai zama kashi uku ke nan: uwar, ƴaƴan, da magunanki. A gidajenmu masu tsakar gida a buɗe, keɓewa sai da ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa da taga mai raga, wanda iska ke shiga. Rumfar kwano a wannan zafin za ta kashe ta kafin cutar. Kowane kashi da kwanon abincinsa da na ruwansa da robar yashi ta bahaya, a sauya yashin kullum. Ƙwayar ba ta da ƙarfi a wajen jiki: in ta bushe cikin sa'o'i kaɗan take mutuwa, sabulu ma yana kashe ta, kuma ba ta bin iska daga ɗaki zuwa ɗaki. Da yadda ruwa yake a garin nan, ba sai kin wanke gida kullum ba. Kwanoni da robar yashi ne abin wankewa, da sabulu, ko ruwan jabel awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, a ɗauraye sosai. Ki fara ciyar da naki, sannan ƴaƴan, uwar a ƙarshe, ki wanke hannu. In wani ya tuna miki hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa, waccan ta ɗaure ta ne ta hana ta ci, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Taki tana ci tana sha.

Magunanki biyu ma a gwada su, kuma ba don baƙuwar kaɗai ba. Kyanwar da ke bin katanga da dare tana haɗuwa da muzuran unguwa tana iya ɗauke da ita tun tuni ba a sani ba. In sun riga sun ci a kwano ɗaya da baƙuwar, su ma ƙirgar kwana 30 ta hau kansu. Manya sun fi yara juriya, don haka ƴan kwanakin nan ba abin firgita ba ne. In sun fito lafiya, akwai allurar rigakafi: sau biyu, mako 3 zuwa 4 tsakani, a ƙara bayan shekara, ana kuma fara ta tun daga mako 8 da haihuwa. Ita ma sai an riƙe ta a sanyi daga inda ta taso har ta shiga jiki. Ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, ba ta sa kati ya nuna layi biyu, kuma ba ta kare kowace kyanwa ɗari bisa ɗari. Ko an yi musu, ni ba zan haɗa su kwano ɗaya da wadda aka tabbatar ba.

Za ki ji ana maganar gwajin PCR. Shi yana ganin ƙwayar ko da ta laɓe, kuma yana raba gardama idan katuna biyu suka saɓa. Sai an aika jinin babban ɗakin gwaji cikin sanyi. Ɗakunan gwajin dabbobi na ƙasarmu, irin su Labocel, aikinsu ya fi karkata ga shanu da awaki da tumaki da raƙuma, don haka a fara kira a ji ko wurin da za a aika suna yin na maguna kafin a huda kyanwa. A ganina katin kamfani biyu da haƙurin mako 16 za su ba ki amsar da za ki yi aiki da ita.

Maguna shida, gwaji biyu-biyu ko uku-uku, kuɗi ne. In katunan ba za su isa ba, uwar ce farko, sai magunanki kafin rigakafi, sai ƴaƴan bayan kwana 30 ɗinsu. Gwada sauran ƴaƴa biyun a yau asarar kati ce, tunda ko me ya fito sai an sake.

In aka tabbatar ta kafu, babu maganin da ke fitar da ita daga jiki, duk wanda ya ce zai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Amma ba yau za ta mutu ba. A wani babban bincike a Amurka rabin magunan da aka gano suna da ita sun wuce shekara biyu da ƴan watanni bayan ganowa, wasu sun daɗe fiye da haka suna cin abinci suna wasa. Abin da take buƙata shi ne zama a gida ita kaɗai ko a gidan da ba wata kyanwa, a yi mata aikin hana haihuwa, a ba ta dafaffen abinci ban da ɗanyen nama, likita ya duba ta duk wata shida. Ki riƙa ɗaga leɓenta kina duba dasashi: ja-ja lafiya, fari alamar jini ya yi ƙasa. Sauran alamun su ne gyambon baki, zazzaɓin da ke dawowa, ƙulluwa a wuya ko bayan gwiwa, da numfashi sama-sama, wanda yakan zo idan ƙari ya fito a ƙirji. In ta kai ba ta ci, numfashi ya gagara, nan ne ake zama da likita a yi maganar hutar da ita. Kai ta daji ko bayan kasuwa kuwa, cutar aka kai wa magunan can, wasunsu kuma za su biyo katanga su zo gidanki.

Ramar da ta yi ba lalle daga wannan cutar take ba. Shayar da uku a kan yunwa, tsutsar ciki da ƙuma sun isa su ramar da kyanwa su kuma tsotse jininta. A ba ta maganin tsutsa da na ƙuma na maguna, gwargwadon nauyinta, ta hannun ɗan naki. Kada a sa mata maganin ƙuma ko na kaska na karnuka da shanu, mai sinadarin permethrin a ciki yana sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. Kada a ba ta farasitamol ko ɓari kaɗan, guba ne gare ta. Kada a yi mata allurar dexamethasone don ta ci abinci, tana raunana garkuwar jiki, tana kuma iya tayar da ƙwayar da jiki ya riga ya danne. Yara kuma su bar ta ta huta a ɗakinta. Duk wanda kyanwar titi ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a tafi asibiti a ranar saboda haukan kare, wanda maguna ma suna ɗauka, shi kuma yana kama mutum.